Amfilifaya ta hannu tana shuuu da ƙaraf-ƙaraf: cuta aka yi maka, ko ƙura ce kawai?

Mutum ya tara kuɗinsa ya sayi amfilifaya ta hannu, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti ta tura wa sifiku, irin tsofaffin nan masu nauyi da ake shigowa da su daga Turai da Japan, su Pioneer da Kenwood da Technics da Sansui da Yamaha, a shago an gwada masa ta yi ras ba wata matsala, ya ɗauka ya kai gida ya jona da sifikunsa da daddare, sai ga wata ƙara tana fitowa a ƙarƙashin sauti. Wani nasa shuuu ne, wani guuu, wani kuma da ya taɓa bolum sai ƙaraf-ƙaraf. Daga nan gardama ta tashi. Mai shago ya ce wutar gidanka ce, mai gyara ya ce a canza kaza da kaza, shi kuma mai kaya yana ganin an yi masa sakiyar da ba ruwa. To wa ke da gaskiya a cikinsu?

Abin da nake so a gane shi ne wannan ƙarar ba hauka take yi ba, kowace iri tana nuna inda ciwon yake, kuma yawancinsu kai da kanka za ka iya gano tushensu ba tare da ka kwance ko sukuru ɗaya ba. Guda ɗaya ce tak mai haɗari, zan zo kanta.

Ba duk ƙara ce iri ɗaya ba

Kafin komai, kashe waƙar ko karatun da kake ji, ka matsa kusa da sifika ka saurara da kyau. Mutane suna haɗa komai su ce "tana ƙara", alhali aƙalla abu huɗu ne daban.

Akwai shuuu, irin ta rediyo in an bar ta tsakanin tasha da tasha. Wannan kowace amfilifaya a duniya tana da ɗan kaɗan nata, ko sabuwa ce fil daga kwali, domin kayan lantarkin da ke cikinta su kansu suna haifar da ita. In sai ka kanga kunnenka a jikin ƙaramar sifikar sama sannan kake jin ta, ka rabu da ita, ba ciwo ba ne. In kuwa daga kan kujera kake jiyo ta, ko a gefe ɗaya kawai take, to akwai magana.

Akwai guuu mai kauri wadda ba ta hawa ba ta sauka. Wannan muryar wutar lantarki ce kai tsaye. Wutar da ake ba mu a Najeriya da Nijar da Gana tana juyawa sau 50 a kowane sakan, in ta samu kafar shiga hanyar sauti sai ka ji ta a matsayin wannan gurnani. Akwai kuma ƙaraf-ƙaraf da ke zuwa lokacin da ka murɗa wani abu ko ka taɓa waya. Ta huɗu ita ce fas! fas! da tartsatsi da ke zuwa haka kawai ba wanda ya taɓa komai, wani lokaci sai amfilifayar ta yi zafi take farawa.

Sai wata ƴar ƙarama da kowa ya sani, dit-dit-dit-dirrr ɗin nan da ake ji gab da kira zai shigo. Wannan ba laifin amfilifaya ba ne sam, wayar salula ce a kan layin 2G take aika saƙo a gutsure kusan sau 217 a sakan. Ɗauke wayar daga kan amfilifayar, shikenan.

Daga waje take shigowa ko a ciki aka haife ta?

Wannan ita ce tambayar da ke raba gardama, kuma gwajinta kyauta ne. Kashe amfilifayar, ka zare duk wata waya da ke shiga bayanta, ta talabijin, ta dikoda, ta DVD, ta wayar salula, ka bar wayar wuta da wayoyin sifiku kawai. Mayar da bolum ƙasa, ka kunna, sannan ka kai shi inda ka saba jin ƙarar. In ƙarar ta ɓace, to amfilifayarka lafiyarta ƙalau, ɓarawon yana cikin abubuwan da ka zare, sai ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya har ka kama wanda da an jona shi ƙarar take dawowa. Sau da yawa wayar nan ce mai kai ja da fari, ƴar arha wadda ba ta da rufin kirki a ciki, ko ta tsinke a wuya tana taɓawa tana saki.

In an zare komai kuma ƙarar tana nan, sai ka duba bolum. Ka ɗaga shi a hankali. In ƙarar tana ƙaruwa da ƙarin bolum, to tana shigowa ne kafin bolum ɗin, wato a ɓangaren da ke karɓar sauti da tace shi. In kuwa ko ka mayar da shi sifili tana nan yadda take, to ta bayan bolum ce, ɓangaren ƙarfi kenan ko ɓangaren da ke ba wa injin wuta. Wannan bayani kaɗai in ka je da shi wajen mai gyara ka rage masa rabin aiki, kuma zai san ba da baƙo yake magana ba.

Sannan in a sifika ɗaya ce, ka kashe ka musanya wayoyin sifikun a bayan amfilifayar, ta hagu ta koma dama ta dama ta koma hagu. Ƙarar ta tsaya a sifikar da take tun farko? To sifikar ce ko wayarta. Ta yi tsalle ta koma ɗayar? Amfilifayar ce. Don Allah a riƙa kashewa kafin a taɓa wayar sifika, siririn gashin waya guda ɗaya in ya haɗa ja da baƙi yana iya ƙona taransistocin ƙarshe, wato kayan da ke tura ƙarfin sauti zuwa sifika, cikin ƙiftawar ido, kaga an je neman gira an rasa ido. In kana da abin ji na kunne mai babban kai, soka shi a ramin gaba ka saurara, in can ma ƙarar tana nan ka wanke sifikunka daga zargi.

Wani kuskure da nake yawan gani: a bayan tsofaffin nan akwai rami da aka rubuta PHONO. Wannan na faifan garmaho ne, an yi shi ne don sauti mai rauni ƙwarai, shi ya sa yake ninka duk abin da ya shigo sosai. In ka soka wayar salula ko dikoda a nan za ka ji sauti ya fashe yana dagargajewa, in kuma ka zaɓe shi ba komai a jone za ka ji shuuu mai yawa. Ba lalacewa ba ce. Koma AUX ko CD ko TUNER.

Ƙura, babbar wadda ake zargi

In da za a tara duk amfilifayoyin hannu masu ƙaraf-ƙaraf a jera, ni dai a ganina mafi yawansu datti ne kawai ke damun su, kuma a nan ne aka fi cutar mutane da kuɗin gyaran da bai kamata ba.

Ga yadda abin yake. Bayan wannan ƙullin bolum da kake murɗawa akwai wani ɗan gwangwani, a cikinsa akwai zobe da aka shafe da baƙin gawayi, da wani ɗan harshen ƙarfe da ke goga a kansa yana zagayawa. Sautin ta wannan gogayyar yake bi. Yanzu ka tuna wannan kaya wataƙila an ƙera shi tun shekarun 1980 ko 1990, ya yi shekaru a ajiye a gareji ko ɗakin ƙasa mai danshi a ƙasar sanyi ba wanda ya murɗa shi, ƙarfen ya yi tsatsa-tsatsa, aka loda shi a kwantena ya biyo teku, ya sauka Legas ko Kwatano, ya zauna a shago ba rufi, sannan ya zo ya gamu da ƙurar hunturu tamu wadda ko agogon hannu sai ta shiga. Harshen nan in ya zo kan ƙwayar ƙura sai ya ɗaga ya sauka, kowane ɗagawa kuma ƙaraf ne a sifika. Haka abin yake a ƙullin balans da na bes da na tirebul, da maɓallin zaɓen inda sauti zai shigo, da kuma wani maɓalli da mutane ba sa kula da shi, TAPE MONITOR, wanda sauti ke ratsawa ta cikinsa ko da ba ka amfani da kaset. Sau da yawa in gefe ɗaya yana ɗaukewa yana dawowa, shi ne.

Gwajin farko ba ya cin ko sisi. Zare wuta, ka murɗa kowane ƙulli daga ƙarshe zuwa ƙarshe sau talatin ko arba'in, ka danna kowane maɓalli ka sake shi haka nan da yawa. Kunna ka ji. In ƙarar ta ragu ko ta canza, ka kama ɓarawo. Maganin dindindin shi ne feshin wanke mahaɗar lantarki, ana sayar da shi a gwangwani a shagunan kayan gyaran rediyo, a fesa ɗan kaɗan ta ƴar kafar da ke jikin gwangwanin bolum daga ciki, a murmurɗa, a bar shi ya bushe kafin a kunna.

Amma fa a yi hattara da abin da ake fesawa. Wasu masu gyara fetur suke ɗigawa ko kananzir ko man birki, wasu kuma WD-40 na kwance sukuru mai tsatsa. Ranar farko zai yi shiru kamar an yi magani, amma maiƙon da ya bari shi zai riƙa kama ƙura, bayan ƴan watanni abin ya dawo ya fi na da, fetur kuwa yana iya cinye robar ciki ya lalata gawayin gaba ɗaya, kuma samun bolum irin na ainihi na tsohuwar amfilifaya ba ƙaramin yawo ba ne. Ka tambayi mai gyara me zai fesa, ka ga gwangwanin da idonka, haƙƙinka ne.

Akwai kuma rile, ɗan akwatin nan da ke yin ƙas bayan ƴan sakanni da kunnawa, shi ke haɗa sifiku da injin. In bakinsa ya yi datti alamarsa a fili take: a ƙaramin bolum gefe ɗaya yana shaƙewa ko ya ɗauke, da ka ɗaga murya sai ya buɗe ya dawo. Canza shi ya fi wanke shi, kuma ba shi da tsada.

In an buɗe murfi kuma kada ka yi mamakin abin da za ka gani, kashin kyankyaso, saƙar gizo, wani lokaci busasshiyar tsaka a kwance kan allon da aka jera kayan lantarkin a kai. Wurin da ɗumi, suna son sa.

Guuu ɗin nan: wutar gida ce ko ta ciki?

A nan mai shago yakan yi gaskiya wani lokaci. In guuu tana zuwa ne kawai in an jona talabijin ko dikoda, to abin da ke faruwa shi ne na'urorin biyu ba su daidaita a ƙasa ba, sai wata ƴar wuta ta riƙa zagayawa ta cikin wayar sauti tana neman hanya. Gidajenmu da yawa soket ɗin rami uku ne amma na ukun ba a kai shi ko'ina ba, babu sandar ƙarfe a ƙasa, shi ya sa ma wani lokaci in ka shafa jikin amfilifaya da bayan hannu kake jin tana ɗan ja. Gwada zare wayar dish ko ta eriya daga bayan dikoda, in guuu ta tsaya ka gano hanyarta. Jona duka kayan a kan soket guda yakan rage, akwai kuma ƴar na'ura mai arha da ake sakawa a tsakiyar wayar sauti ta yanke wannan zagayen. Abin da ba zan taɓa ba da shawara ba shi ne a karya ƙafa ta uku ta fulogi wai don a yi maganin ƙara, wannan ƙafar don ranka aka sa ta.

Cajar waya ƴar arha ma gwana ce a wannan. Kana jin waƙa daga waya tana caji, sai ziiii, ka zare caja ta yi tsit. Haka kwan fitila marar kyau, haka inbata mai arha wadda wutarta ba ta fita sumul, za ka ji har taransifomar cikin amfilifayar tana kuka da kanta. Ƙaramin janareta shi ma haka. Ka gwada a wutar gari, ka gwada a janareta, in a ɗaya kawai take yi to ka san ba ita ba ce.

In kuwa an zare komai, bolum yana ƙasa, an ma kai ta gidan maƙwabci, guuu tana nan a sifiku biyu daidai wa daida, to zargi ya koma kan manyan kafasitocin ciki, gwangwanaye biyun nan da ke tsaye kusa da taransifoma. Aikinsu su tace wuta ta zama sumul. Akwai ruwan sinadari a cikinsu da ke bushewa da shekaru, zafi kuma yana hanzarta shi, ƙa'idar da masu ƙera su ke bayarwa ita ce duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba tsawon rayuwarsu biyu. To ka auna kayan da aka yi wa ɗakin Jamus aka kawo shi ɗakin kwano a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, an kuma ɗora dikoda a kansa an toshe ramukan iska. In sun gaji guuu ɗinsu ta ɗan fi ta farko kaifi, don sau 100 take bugawa a sakan, wani lokaci za a ga kansu ya kumbura ko sun yi yoyo a gindi. Ana canza su, gyara ne mai kyau da ke ƙara wa injin shekaru. Sai dai ba aikin mai koyo ba ne, domin suna riƙe wuta bolt 40, 50 ko fiye ko bayan an zare fulogi.

Ka kuma leƙa bayanta ka karanta abin da aka rubuta kusa da wayar wuta. Kayan Turai bolt 220 zuwa 240 ne, sun dace da 230 ɗinmu. Na cikin gidan Japan 100 ne, na Amurka 120, waɗannan sai da taransifomar rage wuta, kuma in ta yi wa amfilifayar ƙanƙanta ko an ajiye ta manne da ita, ita ma tana jawo guuu. Nisanta su.

Wadda ba a wasa da ita

Fas! fas! da tartsatsin da ke zuwa ba tare da an taɓa komai ba, bolum a ƙasa ko a sama duk ɗaya, musamman in kana ganin takardar babbar sifika tana zabura gaba ko tana shigewa ciki ta tsaya, ko rile yana ta ƙas-ƙas yana yankewa. In ka ga haka kashe nan take ka cire sifikunka masu tsada. Abin da ake tsoro shi ne wuta tsayayya ta fita zuwa sifika, ita kuwa ba ta da sauti, zafi kawai take tarawa a cikin siririyar wayar sifikar har ta ƙone, sai ka ji wari.

In kana da mitar awon wuta irin ta masu gyara ko kana da abokin da ke da ita, cire sifiku, bolum ƙasa, bar ta ta yi minti goma a kunne, ka sa mitar a DC, wato awon wuta tsayayya, ka auna bakin da ake ɗaura wayar sifika. Ƙasa da milibolt 50 lafiya lau, milibolt dubu ne bolt ɗaya. In ya kai ɗaruruwa, ballantana a ce bolt ɗaya ko fiye, ko lambar tana ta tsalle, kada ka sake jona mata sifika sai ta ga mai gyara.

Abu biyu ne suka fi jawo wannan. Na farko dalmar da aka like ƙafafun kaya da ita ta tsage saboda shekaru na zafi da sanyi da jijjigar hanya, mai gyara na ƙwarai zai ɗauki tsinken katako ya riƙa ƙwanƙwasa allon a hankali har ya zo inda in ya taɓa ƙarar take amsawa, ya sake narka dalmar wurin. Na biyu ƙananan taransistoci da suka tsufa suna hayaniya da kansu. Akwai ma waɗanda suka yi suna a kan haka a kayan shekarun 1970, irin su 2SC458 da 2SA726, har ƙafafunsu kan yi baƙi. Kuɗin kowanne bai taka kara ya karya ba, wahalar nemo wanda ke da laifin ita ce aikin.

Mai shago, mai gyara, da kai

Mai shago ba lallai ne ya san da ciwon ba. A cikin hayaniyar kasuwa, janareta na ruri a ƙofa, an ƙure waƙa na minti biyu injin bai ko yi ɗumi ba, wace shuuu za a ji? Shi ma a haka ya saya cikin kwantena. Inda nake ganin laifinsa shi ne in ya hana ka gwadawa yadda ya kamata, ko ya ƙi yarda da sharaɗin dawowa ko na kwana biyu ne.

Masu gyara kuma akwai na Allah, waɗanda za su zauna da mita su bi layi, akwai kuma masu canje, da an ce ƙara sai su ce babban IC ne ya tafi, wato baƙin dunƙulen nan mai ƙafafu da yawa da ke aikin ƙara ƙarfin sauti. Wannan yana ba ni takaici ƙwarai, domin za a cire na ainihi mai lafiya, misali irin STK ɗin nan da ke cikin amfilifayoyi da yawa, a sa jabu, tunda an daɗe da daina ƙera yawancinsu kuma na bogi sun cika kasuwa, ka biya kuɗi mai yawa, ƙaraf-ƙaraf ɗin kuma tana nan tunda dama bolum ne ke da datti. Mafi muni shi ne wanda zai yashe cikin gaba ɗaya ya dasa ƙaramin allo na zamani ya bar maka kwangon kawai. Ka ce a nuna maka abin da aka auna, kuma a ba ka duk abin da aka cire. In fiyus ya ƙone kuma aka ce za a naɗa waya a madadinsa, ɗauki kayanka ka tafi.

Kai kuma mai saye, ranar da za ka je kasuwa tafi da abin ji na kunne da wayar sautinka mai kyau. Ka sa a kunna ta tun kuna ciniki ta yi kamar minti ashirin, ka tsayar da waƙar ka saurari shirun, ka murɗa kowane ƙulli, ka kai balans hagu ka kai dama, ka ji ko rile ya yi ƙas ɗinsa sau ɗaya tak bayan kunnawa, ka shinshina ramukan sama ko akwai ƙauri, ka duba sukurorin murfi ko an sha kwance su. In ƙaraf-ƙaraf ɗin murɗawa kawai ka samu, wallahi kada ta hana ka saye, sai dai ka nemi ragi da ita, gyaranta feshi ne. Guuu ta kafasita ma ana iya saye in kayan mai kyau ne kuma an rage maka kuɗin canji. Amma wadda ke yin fas da kanta, ko rile ɗinta ya ƙi kamawa, ko ka tarar an riga an yi mata aika-aika a ciki, bar wa mai shago abarsa ka duba ta kusa da ita.